An Sa Wa Raƙumi Tarbo

Injin 1HZ na Toyota Land Cruiser, mai lita 4.2 da silinda 6, ba ya sauri, kuma ko a jikinsa. Ƙarfinsa kusan na doki 130 ne kawai, amma direbobin Agadez sun yarda da shi a hanyar Dirkou saboda juriya. Sai ranar da wani ya wuce ɗaya daga cikinsu a kan tudun rairayi, ya bule shi da ƙura. Zuciya ta ɗebe shi, ya sayo tarbo a kwali.

Aikin tarbo ba tsafi ba ne. Hayaƙin da ke fita zuwa salansa ke juya 'yar fanka, ita kuma ta dinga cusa iska cikin injin. Iska ta ƙaru, a ƙara dizal, ƙarfi ya zo. Zafi ma ya biyo shi, ba goron gayyata. Ita kanta Toyota, da ta so mai tarbo a 1990, 1HD-T ta ƙera, da fistin da kan injin na daban. Bakanike kuwa cewa ya yi, "Alhaji, kwana biyu an gama."

An kuwa gama. Sai kulochi ya fara santsi, lagireto ya fara tafasa. A sayo na'urar sanyaya iska, a sayo agogon auna zafin hayaƙi. Mutumin da ya kashe kuɗi don gudu, ga shi yana hawan tudu ido a kan allura, yana sassauta totur. In an iso masauki kuma sai ya zauna shiru minti biyu kafin ya kashe injin, tarbo ya huce. Fasinjoji a baya suna shafa fatiha, sun ɗauka addu'ar sauka lafiya yake yi.