Adarawa a bakin tekun Basam

Tsakanin Abijan da Garan Basam kilomita 40 ne, amma akwai mutumin Buza da ya shekara 20 yana sayar da abincin garba a unguwar Ajame bai taɓa bin hanyar ba. Ka tashe shi daga barci ka tambaye shi kuɗin kifi ko wace motar gbaka ke zuwa Abobo, zai faɗa maka. Ka tambaye shi teku, sai ya nuna kudu da haɓa. Biɗa ce, wato ci-rani, ke kai mutanen Buza da Keita da Madawa ƙasar Kwaddibuwa, ita kuwa biɗa ba ruwanta da yawon buɗe ido. Sai fa in baƙo ya zo daga gida, ko an gama wani buki da sauran canji a aljihu, sannan wani zai ce a je Basam a kwana biyu a ga tsohon gari. A irin wannan tafiya ce halin kowa ke fitowa fili.

Tun daga tashar Basam da ke Tireshbil jagora ke naɗa kansa. Ba wanda ya zaɓe shi. Ya riga kowa zuwa kurmi ne, shi ke nan. Shi ke zama kusa da direba, shi ke yin Faransancin Abijan da ƙarfi don na baya su ji. Da an tsallaka gada an shiga unguwar Faransa, inda tsofaffin benayen Turawa suke jere tsakanin tabki da teku, sai aikinsa ya kankama.

"Wanga gidan gomna na."

A matsa gaba, a tarar da wani kango da itace ya tsiro ta tagarsa.

"Wanga fa, Alhaji?"

"Shi ma gidan gomna na."

A na huɗu wani yaro zai kasa haƙuri ya ce, "Wai Alhaji, gomna nawa anka yi garin ga?" Alhaji ba ya amsa irin wannan tambaya. Duban yaron zai yi, ya tuna masa wanda ya biya masa kuɗin mota lokacin da ya fara zuwa.

Maganin Alhaji shi ne Mushe. Malamin lakkol ne da ya zo hutu wurin ƙanensa, da ƙaramin littafi a aljihun gaba da alƙalami biyu. Ya san gidan gwamna ɗaya ne, an kafa shi a 1893, shekarar da Faransa ta mai da Basam babban birnin sabuwar ƙasar da ta mallaka, kuma tun 1981 gidan ya koma wurin ajiye tufafin gargajiya. Ya san cutar shawara ta faɗa wa garin a 1899 ta kashe mafi yawan Turawan da ke ciki, waɗanda suka rage suka kwashe takardunsu suka koma Banjarbil a 1900. Ya san ciniki ya ci gaba a Basam bayan tafiyar gwamna, har aka buɗe tashar jiragen ruwa ta Abijan a 1951, jirage suka daina tsayawa, ƴan kasuwa suka bi su, aka bar benaye da jemagu. Ya san UNESCO ta sa garin cikin kayan tarihin duniya a 2012. Duk gaskiya ne. Illar Mushe ita ce ba ya bayar da ilimi sai a tsaye, cikin rana, kuma yana tambaya a ƙarshe. Mai aikin nuna wa baƙi gidan ma bai tsira ba: yana cikin bayani Mushe zai ɗaga yatsa ya gyara masa shekara, sai ka ga bawan Allah ya yi shiru yana tunanin wa zai biya wa.

A bakin ƙofar gidan tufafin nan ake rasa mai albasa. Shi daga wajen Tamaske yake, ko Madawa, ya biyo kamyon albasa ya sayar, kuɗin na ɗaure a ƙugunsa, kuma ba zai taɓa su don kallo ba. "In biya kuɗi in ga riga? Rigar da ko na taya ba a sayar min?" Sai ya zauna a inuwa ya jira. Amma kada ka ɗauka bai ga garin ba. Ya gan shi fiye da kowa, da idon mai neman mangaza. Kowane bene ya auna shi da taki, ya ƙiyasta buhu nawa zai ci. Gidan Ganame, wanda masu hoto ke rububi a kansa, ya ba shi buhu dubu, sannan ya sa hannu a bango ya ji danshi, ya girgiza kai: albasar Galmi ba za ta yi mako biyu a nan ba. Daga lokacin garin ya faɗi a idonsa. Da aka gaya masa duniya ce ta hana a rushe gidajen, sai ya tambaya ko duniyar na biyan haya.

Hajiya ba ta da wannan matsalar, don ita ta san abin da ya kawo ta. Rumfunan masu sassaƙa da rini da saƙa da ke jere a bakin hanyar shiga gari, nan ne tarihinta ya fara, nan ya ƙare. Ba ta jin Faransanci, mai kaya ba ya jin Hausa, amma za ta raba kuɗin gida uku ta biya ɗaya, su rabu suna dariya.

Sau ɗaya na ga Mushe ya ci nasara, kuma a kan Hajiya ne. A kan gadar ƙarfen da ake kira Gadar Nasara ya tsayar da ayari, kowa na neman hanyar zillewa, ya ba da labarin matan da suka taso daga Abijan a watan Disamba na 1949, da yawansu a ƙasa, don a saki shugabannin jam'iyyar RDA da Turawa suka kulle a kason Basam, cikinsu har da marubuci Bernard Dadié. A wannan gada aka tare su da duka da mesar ruwa. Mushe ya ƙara da cewa RDA ɗin nan ita ce uwar PPN ta su Diori Hamani a Nijar. Hajiya ta sauke ƙullin kayanta, ta dubi tsawon gadar, ta dubi mazan ayari ɗaya bayan ɗaya.

"Mata sunka yi wanga tahiya a ƙasa?"

"Mata, Hajiya."

"To ku da kunka zo cikin mota kuna kukan zahi fa?"

Ba wanda ya sake maganar rana a wunin nan.

Duk wannan share fage ne. Jarrabawar gaske tana bakin ruwa.

Akwai gwanin iyo. Ya yi wanka a tabkin Keita yana yaro, ya tsallake koramar Magiya da damina ruwa na kai masa wuya, saboda haka teku ba za ta gaya masa komai ba. Masunta na gargaɗinsa, masu sayar da kwakwa na gargaɗinsa, don tekun Basam tana da ja ta ƙasa kuma tana cin mutane, ƴan gari da kansu ba sa wasa da ita. Shi dai ya naɗe wando ya shiga. Igiya ta farko ta tafi da takalminsa. Ta biyu ta zaunar da shi. Ta uku ta mirgino shi kan yashi gaban jama'a, hula a wani wuri, shi a wani wuri, baki cike da gishiri. Abin da zai fara faɗa in ya samu numfashi shi ne, "Santsi na." Har ya koma Buza santsi ne, kuma a Buza igiyar za ta kai tsayin dutsen bayan gari.

Can baya, inda yashi ya fara, abokinsa na tsaye riƙe da jakar kowa. Shi tun da ya hango ruwan ya yanke hukunci. Ya ce duk abin da ke motsi dare da rana ba iska ba mai tura shi, akwai masu shi a ciki, kuma shi ba a gayyace shi ba. Ana yi masa dariya, amma shi kaɗai ke komawa da takalmi biyu.

Malam kuma jarrabawarsa iri biyu ce. Ta fiƙihu mai sauƙi ce: ruwan teku mai tsarki ne, ana alwala da shi, ya yi bayani, kowa ya gamsu. Ya tsuguna zai nuna a aikace, igiya ta zo ta karɓi butar. Mai wuyar ita ce ta Asabar da Lahadi, lokacin da mutanen Abijan ke kwararowa bakin ruwa da kiɗa da tufafin da ko a gidan ajiyar can ba za su cika rataye ɗaya ba. Malam ya sunkuyar da kai yana istigfari yana sauri, har ya yi karo da kututturen kwakwa, ya ba ta haƙuri.

Wanda nake so a kalla da kyau shi ne manomi. Dattijo ne daga Karofan ko Tama, an kawo shi Abijan ganin likitan ido, aka ce a biya da shi ya sha iska. Wannan mutum ya yi rayuwarsa yana farautar ruwa. Ya ɗauki dutse a ka a zamanin aikin Keita da aka fara a 1984, ya jera shingen duwatsu a kan fako, ya haƙa rabin wata da tassa don ɗigon da ya faɗo kada ya gudu. Ya san layukan bedin da aka dasa a kwarin Magiya tun 1975 don tare iska. Matan gidansa sun san tsawon igiyar kowace rijiya. Yanzu ga shi gaban ruwan da ba a ganin ƙarshensa. Ba ya magana. Zai matsa a hankali, ya tattare riga, ya kamfata da tafin hannu, ya kai baki, ya tofar. Ya sake kamfata daga wani wurin, ko can ne aka ɓata. Ya sake tofarwa.

"Duk hakanan shi ke?"

"Duk, Baba."

"Har can?"

"Har ƙasar Turawa."

"Ko akuya ba ta sha?"

"Ba ta sha."

Sai ya yi tagumi a tsaye. Idan Mushe ya ƙara masa da cewa ruwan saman da ke zuba a wannan gaɓa a watan Yuni kaɗai yakan kai na damina guda a Buza, ko ya fi, Baba zai dubi gonakin da babu, ya dubi samarin da ke kwance a yashi, ya ce Allah mai rabo. Kafin a tashi zai cika gora biyu. Ɗaya ta tsohuwar da ta yi masa saƙon ruwan teku don ciwon ƙafa. Ɗayar ta majalisa ce, don ya san in bai kai shaida ba za a ce tsufa ya fara taɓa shi.

Mai hoto bai ga Baba ba, bai ga teku ba, kansa yake gani a waya. Baro yake turawa a kasuwar Ajame, amma yau ya ari tabarau da farar riga. Tsofaffin gidaje ba ya kusantarsu, kada a gida a ce a kango yake kwana. Ƙofar otal yake nema, da motar wani da aka ajiye, ya jingina da ita kamar makullin na aljihunsa. Kafin la'asar hotuna sun isa Buza ta WhatsApp. Kafin magariba saƙonnin murya sun fara shigowa: kawu na son kuɗin taki, inna ta ce rufin ɗaki na yoyo, abokin da suka rabu tun firamare zai yi aure. Hoton da ya ɗauka kyauta sai ya ci masa jika 50.

Wajen cin abinci kuma akwai mai ƙyama. Ya zo da kilishi da cuku da ƙuli-ƙuli a ƙasan jaka. An kawo ƙaguwa da jatan lande, ya ja da baya ya ce shi ba ya cin ƙwari. Mutumin nan da kaka tiya guda ta soyayyar fara ba ta kwana a gidansa.

Idan tafiyar ta dace da Abisa, bukin da ƴan ƙabilar Nzima ke yi a ƙarshen Oktoba zuwa farkon Nuwamba, inda ake kaɗa ganga a fito fili a faɗa wa manya laifinsu ba mai kama kowa, to ayari kan rabu biyu. Samari su ce a kai wannan al'ada gida. Alhaji ya ce lokacin komawa masauki ya yi.

Saura mutum ɗaya, kuma irinsa sun fi yawa. Tun saukarsa daga mota ya ji wani mai shayi ya ce "mi kac ce?", ya juya. Ashe ɗan Alakai ne, kuma ƙanwar matarsa na aure a unguwarsu. An ba shi benci. A kan bencin nan zai yi kwanakinsa duka: nawa tiyar hatsi a kasuwar Buza, ina ruwa ya sauka ina bai sauka ba, wa ya rasu, wa ya ƙara aure, wa ya tafi Libiya ba labari. Hasumiyar fitilar jirage tana tsaye a cikin gari, ɗaga kai kawai zai yi ya gan ta, bai ɗaga ba. Ranar komawa ka tambaye shi yaya ya ga Basam, zai ce gari ne mai albarka, mutanen kirki, shayinsu da kauri. Ni ban iya ganin laifinsa ba. Wanda ya shekara uku bai ga gida ba, labarin ruwan Alakai ya fi masa gidan gwamna.

Mai karatu, in Allah ya kai ka, ka je tsakiyar mako, lokacin da bakin ruwa ba cunkoso. Ka tafi da Mushe, amma ka yi masa sharaɗin inuwa. Ka tafi da Baba in akwai shi. Ka biya kuɗin gidan tufafi, bai kai na buhun albasa ba. Ruwa kuwa kada ya wuce maka idon sawu, ko da kai ne sarkin iyon tabkin Keita.