Kawu da Madubin Bindiga

Jan baki ne ya jefa Kawu cikin wannan rigima. Duk mai noman shinkafa a fadamar kogin Haɗejiya ya san tsuntsun: bai cika tafin hannu ba, amma idan garkensa ya taso daga cikin kachala har rana sai ta dusashe. Tun da aka gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, tafiyar ruwa ta sauya, kachala ta toshe magudanai, ta zame masa makwanci. Manoman Kaugama da Auyo suna korarsa da igiya mai gwangwanaye, da majajjawa, da ihun yara, wata shekarar kuma gwamnati ta turo jirgin feshi. Kawu ya ce duk wannan wahalar da kai ne. Shi maharbi ne ɗan maharbi.

Daga Kano ya dawo da madubin hangen nesa na bindiga, a wajen masu gwanjo ya samo shi, haɗe da ƴan ƙarafa biyu da ake zaunar da shi a kai, ɗaya gaba ɗaya baya. Ni aka kira in riƙe waya, in karanto yadda masu sana'ar ke yi a Amurka.

Ga abin da na karanto masa. An ƙera madubin ne don bindiga mai sakata, dangin Lee-Enfield ta Ingila wadda tsofaffin sojoji ke kira mak-fo. Cikin bututunta akwai murɗaɗɗun layuka da ke juya harsashi guda ya tafi sak. Mazaunan nan biyu kuwa dole su hau layi ɗaya. Idan tsakaninsu santimita 10 ne, ɗaya ya kauce da milimita 1 kacal, to a nisan mita 100 an kauce da mita guda cur. In kuma aka ɗaure madubin da ƙarfi a kan karkatattun mazaunai, jikinsa ne zai lanƙwashe. Shi ya sa gwanaye ke sa sanduna biyu masu tsini a cikin zobban da ke riƙe madubin, su duba ko tsinin ya sadu da tsini. Inda mazauni bai kwanta daidai ba, sai su cike ƙarƙashinsa da gam mai haɗi biyu, amma tukuna su shafa wa bindigar kakin zuma ko man goge takalmi don kada gam ɗin ya kama ta har abada.

Kawu ya saurara har ƙarshe, ya ce, "Yaro, Bature ma da ido yake aunawa, yana ɓoye muku ne."

Matsalar ita ce bindigar Kawu adaka ce, ta ɗure, wadda dokar makamai ta 1959 ta bar lasisinta a hannun kwamishinan ƴan sanda na jiha. Bututunta sumul yake, albarushi ake ɗura mata ta baki, a bi shi da tsumma da tsakuwar ƙarfe, ta watsa su inda Allah ya nufa. Maƙerin garin ya faɗi haka cikin ladabi. "Baba, wannan ai ba a yi ta don madubi ba." Kawu ya tambaye shi ko shi ya haife ta. Maƙeri ya ce a'a, mahaifinsa ne dai ya ƙera ta. Aka yi shiru, sannan aka ci gaba da aiki.

Babu ramin kusa a jikin adaka, don haka aka koma ga gam ɗin Araldite. Da na ambaci man takalmi, Kawu ya ce bindigarsa ba takalmi ba ce. Sanduna masu tsini kuwa, an feƙe karan dawa biyu. Tsinin bai sadu ba. Ɗaya na kallon Haɗejiya, ɗaya na kallon Gumel. Kawu ya karkatar da kansa har ya ga sun haɗu, ya ce an gama.

Washegari da asuba muka nufi gona, yara na biye. Ya kamata ido ya nisanci madubi da kamar faɗin yatsu huɗu, saboda bindiga tana naushi da baya. Kawu kuwa ya manna girarsa a jiki, yana ta salati don ya hango ƙwayar idon wani jan baki a kan zangarniya. Tsuntsaye dubbai ne a gabansa, waɗanda ko makaho ya harba zai samu rabonsa, amma shi guda ɗayan nan yake so.

Ya ja kunama. Hayaƙi ya turnuƙe, Kawu ya zauna daɓas a cikin taɓo, hularsa ta yi nata wuri. Tsakuwar ƙarfen ta tsinke igiyar gwangwanayen maƙwabci. Garken ya tashi, ya zaga gonar sau ɗaya, ya sauka inda igiyar ta faɗi. A saman idon Kawu na dama kuwa ga rabin da'ira, jini na tsattsafowa.

A gida Inna ta dafa ruwan zafi tana gasa masa. "Malam, guda nawa aka samu?"

"Na dai gan su sarai," in ji Kawu.

Da la'asar ya aike ni wurin maƙeri a cire madubin. Maƙeri ya jujjuya bindigar, ya ƙwanƙwasa gam ɗin da guduma, ko gezau. Ya ce in gaya wa Baba kuɗin cirewa ya ninka na sawa, kuma maƙwabcin ya riga ni zuwa, yana tambayar wa zai biya igiya.