Alhaji, Tumbin Nan Ba Gado Ba Ne

Na san abin da za ka ce, Alhaji, bari in riga ka. Za ka ce duniya ta zo ƙarshe, tunda har mutum zai zaro kuɗi daga aljihunsa ya biya wani ƙato don ya tsaya a kansa yana ƙirga masa ɗaya, biyu, uku. Za ka ce kakanka bai taɓa jin sunan koci ba, amma ya tsufa da ƙarfinsa. Ban musa ba. Sai dai kakan naka da garma yake wuni, ya yi ban ruwa, ya taka zuwa kasuwar ƙauye ya dawo. Kai kuwa daga ɗaki sai mota, daga mota sai kujerar ofis, masallacin bayan layi ma sai an tayar da inji. Ka gaji cin tuwon, ba ka gaji garmar ba.

"To ai ina motsa jiki da kaina." Ranka ya daɗe, mun gani. Ranar da likita ya ce jininka ya hau, a ranar ka sayi kambas da rigar wasanni. Asabar da sassafe ka dira filin wasa na Sani Abacha a Ƙofar Mata, ka zuba gudu kamar ana bin ka bashi. Lahadi ka kasa ruku'u. Litinin kambas ya shige ƙarƙashin gado, yana nan har yau, sai dai idan yaron gida ya gaje shi. Tsamin jikin da ya kwantar da kai ba wani abin mamaki ba ne, yakan tsananta kwana ɗaya zuwa uku bayan an ɗora wa tsoka aikin da ba ta saba ba. Da akwai mai horarwa a gefenka, da bai bar ka ka yi gudun nan ba tun farko. Da tafiya zai fara da kai, ta minti 20, ya riƙa ƙara maka kaɗan-kaɗan duk mako. Hukumar Lafiya ta Duniya, a ƙa'idojinta na 2020, ta ce baligi yana bukatar minti 150 zuwa 300 na matsakaicin motsa jiki a mako, da kuma aikin ƙarfafa tsoka aƙalla kwana biyu. A mako aka ce, Alhaji, ba a safiya ɗaya a shekara ba.

Mu zo kan tumbin, tunda shi ne ya tara mu. Na ji kana kiransa alamar arziki a majalisa, amma da daddare kana kwanciya a tabarma kana tashi zaune sau hamsin don ya sace. Ba zai sace ta nan ba. Jiki ba ya ƙona kitsen wurin da ka matsa wa lamba, daga ko'ina yake ɗiba, kuma a wurin maza da yawa na ciki ne mai taurin kai. Abokinka da ke naɗe cikinsa da leda a zafin Afrilu don ya yi gumi, ruwa yake zubarwa, da ya sha kofi biyu nauyin ya dawo. Kilo ɗaya na kitse yana ɗauke da kalori wajen 7,700. Tafiyar rabin awa da sauri ba ta cika wuce 150 ba, kwalbar lemo guda ta rabin lita kuwa ta kai 200. Wato ka yi zagayenka, ka tsaya wurin mai shago ka kora sanyi, ka koma gida da riba. Wannan lissafin koci zai zaunar da kai ya yi maka, ya kuma tambaye ka abin da mai ɗakinka ta gaji da tambaya: tsiren ƙarfe goma na dare da shayi mai kauri, dole ne?

Sai samarin unguwa, masu ɗaga gwangwanin siminti a kango. Ku kuna da himma, Allah ya ƙara. Amma duk ƙirji da damtse kuke ginawa, ƙafafu kamar na balbela. Kuna sunkuyawa da baya a lanƙwashe, kuna riƙe numfashi har jijiyar wuya ta fito, alhali riƙe numfashi a ƙarƙashin nauyi yana cilla hawan jini sama nan take. Kuna dukan tsoka ɗaya kullum, ita kuwa a lokacin hutu take ginuwa, tana son kamar kwana biyu kafin a sake taɓa ta. Kun ce a YouTube kuka koya. Madalla. Amma mutumin da ke cikin wayar ba ya ganin gadon bayanku, ku ma ba kwa gani. Ko gwanin wanzami ba ya yi wa kansa askin ƙeya. Idon nan da ke tsaye a bayanka, shi ne rabin abin da ake biya.

Ɗaya rabin kuwa kunya ce. Kada ka yi dariya. Bahaushe zai iya karya alkawarin da ya yi wa kansa sau ɗari, amma a ce wani yana tsaye yana jiransa tun bayan asuba, kuma ya riga ya biya kuɗin wata? Ko ruwa ake da ƙanƙara zai fito.

Kuma daina cewa al'adar Turawa ce. Wane ɗan dambe ka taɓa gani ya shiga fage ba tare da ya yi zaman ubangida ba? 'Yan kokawar Nijar da ke neman takobi, har da Issaka Issaka na Dosso, kowace jiha da masu horar da ita take zuwa. Ahmed Musa ya ci Ajantina biyu a 2014, ya ci Aisland biyu a 2018, kuma duk da haka koci yake saurara. Shi da gudu ne sana'arsa ke nan. Kai da numfashinka ke sama-sama a hawa na biyu na bene, kai ne ka fi ƙarfin a koya maka?

Hajiya, na hango ki kina murmushi, ba ki tsira ba. Kin ce aikin gida ya ishe ki motsa jiki, alhali 'yar aiki ce ke yin sa, ke kina ba da umarni daga kan kujera. Shayin rage ƙiba da kika saya a Instagram, yawancin irinsa banɗaki kawai yake aika mutum. Yanzu akwai mata masu horarwa da ke zuwa har gida, babu batun cuɗanya da maza. Wadda ta san aikinta ba za ta sa mai jego tsalle-tsalle ba, balle wadda aka yi wa aiki, sai likita ya ba da izini.

Inda nake tare da ku, masu shakka, shi ne nan: ba duk mai faɗin ƙirji ne malami ba. Wanda bai tambaye ka ko kana da hawan jini, ciwon suga ko ciwon gwiwa ba kafin ya miƙa maka ƙarfe, ɗauki takalminka. Wanda ya fito da allura ko ƙwayar kumbura tsoka daga jaka, haɗa da gudu, a nan kam an yarda ka yi gudu. Na kirki zai tura mai ciwo wurin likita tukuna, ya san mai shan maganin suga sugansa na iya faɗuwa a tsakiyar atisaye, ya kuma san yadda zai sassauta maka aiki a watan azumi.

Kuɗi? Ba aure za ku yi da kocin ba. Ka ɗauke shi wata biyu ko uku ka koyi hannu, ko ku haɗu ku huɗu daga majalisa ku raba kuɗin. Abin da kuke kashewa a balangu ma ya isa. Ranar Litinin bayan asuba ake farawa, Alhaji, kuma don Allah kada ka aiko direba ya wakilce ka.