Sarautar tsakar gida

Sarki Tanimun na Damagaram ya kewaye Birni da ganuwa a ƙarni na 19, har igwa ya sa aka ƙera masa. To amma shi ba a taɓa sauke masa yara takwas da ƙarfe bakwai na safe ba.

Maƙwabciyarmu ce ta buɗe gidan reno don mata masu fita aiki, malaman lakwal da na gidan likita. Ta shimfiɗa tabarmi, ta yanka lokacin kunu da lokacin barci. Tsari mai kyau. Sai dai ba ta shawarci talakawanta ba. Ɗan wata goma ne ya rushe dokar barci tun ranar farko, sauran suka yi masa mubaya'a.

Ruwa kuwa, kowa ya san halin Damagaram, ga wanki ba ya ƙarewa. Mai ga-ruwa ya bar ce mata Hajiya, yanzu sai "ranki ya daɗe".

Da wata ya mutu aka zo maganar kuɗi. Nan ta gano ashe iyayen duk danginta ne. "Haba Inna, jikanki ne fa!" Uwa ɗaya ce ta biya jaka biyar cif. Ita ma da yamma ta aiko a ranta mata uku.