Babban kifi a ƙaramin tabki

Zuwa ga Taubashi a Gashuwa, daga Manchesta.

Turawan Ingila suna da wata magana da suke auna girman mutum da ita, "a big fish in a small pond", wato babban kifi a ƙaramin tabki. Ana faɗarta ga wanda ake ji da shi cikin 'yan tsirarun mutane, alhali da zai shiga babban taro ko waiwayarsa ba za a yi ba. Bahaushe ya daɗe da sanin haka, shi ya sa ya ce giwa a garin wani zomo ce.

Mutumin Bade ba sai an yi masa dogon bayani ba. Idan Kogin Yobe ya janye da rani ya bar tabkuna a fadama, tarwaɗar da ta maƙale a ciki ita ke mulki, ƙananan karfasa sai kaucewa suke yi. A mayar da ita kogi inda giwan ruwa ke kai-kawo, nan take za ta koma abin kalaci.

A nan an fi jin maganar a bakin masu sharhin ƙwallo, idan gwarzon ƙaramar ƙungiya ya koma Manchester United ya ƙare a benci. Amma ba kullum take zama ba'a ba. Likita kan ƙi aiki a babban asibitin Landan, ya ce da bakinsa ya gwammace ƙauyen da kowa ya san sunansa, kuma babu mai ganin laifinsa. Masana halayyar ɗan Adam ma sun ari maganar. A 1984 Herbert Marsh da abokin aikinsa Parker sun nuna cewa idan yara biyu ƙwazonsu ɗaya, wanda ke makarantar da haziƙai suka cika ya fi raina kansa. Wannan abin lura ne ƙwarai ga iyayen da ke ɗauke ɗansu na ɗaya a aji daga Gashuwa ko Nguru su kai shi Kano. Yaron da ya dawo hutu jiki a sanyaye kansa bai toshe ba, ƙarfafa gwiwa yake buƙata.

"Big fish" kaɗai kuwa, a bakin 'yan sanda, uban gungun ɓarayi ne. Bature kuma idan ya ce yana da "bigger fish to fry", nufinsa akwai abin da ya fi muhimmanci a gabansa, saboda haka kada baƙo ya wanke hannu ya zauna jiran soyayyen kifi.

Shi kuwa Taubashin da ke cika baki cewa babu gwanin koma kamarsa a unguwa, wanda kifinsa ke ƙara tsawo duk sanda aka maimaita labarin, ya ɗauki gora ya nufi Gogaram ranar bikin kamun kifi na Bade. Can ake da sikeli, ga Mai Bade yana kallo.

A gaida Gwaggo da yara.