Ƙwan Mai Agashe da Amfilifayar Kawu

A Gadarif, da zarar an yanke riɗi an kai shi kasuwar amfanin gona, kuɗi kan shigo gari, kuɗi kuwa in sun shigo aure suke nema. Daga watan Nuwamba babu unguwar Hausawan da ba za ka ji guɗa ba, kuma a nan biki bai cika biki ba sai sautinsa ya hana unguwannin kewaye barci. Abincin kawuna ke nan, ƙanen mahaifiyata. Yana da sifikoki da miksa da amfilifaya guda mai layi biyu, A da B, yana bayar da su haya. Kakanninmu sun baro ƙasar Hausa da niyyar hajji, wasunsu bayan yaƙin Burmi na 1903, suka yada zango a gabashin Sudan suna noman dawa. Ban taɓa jin ɗayansu ya bar wasiyyar a kurmantar da maƙwabta ba, amma Kawu ya riƙe abin da hannu biyu.

Ni gyaran waya nake yi a kasuwa. A wurin dangi wannan ya isa in zama injiniyan duk wani abu mai igiyar wuta, daga fanka har injin markaɗe. Saboda haka da layin B ya mutu ana gab da bikin 'yar wani babban manomi, raksha, wato babur mai ƙafa uku, aka aiko takanas ta ɗauko ni.

Na tarar an riga an gama binciken cutar. Inna, matar Kawu, ta ce baki ne, tun ranar da wani mai hayar sauti ya yaba kayan bai ce tubarkalla ba. Kawu ya ce wutar gari ce. Na ce a kunna in gani. Layin A ya yi ƙas, rilai ɗinsa ya kama, fitilarsa ta koma kore. Na B kuwa jar fitilar kariya ce ta tsaya tana hararar mu. Na musanya igiyoyin da ke zuwa daga miksa, na A ya koma B, na B ya koma A. Cutar ba ta bi igiya ba. Na cire sifikokin gaba ɗaya, fitilar tana nan ja. To, ɓarawon yana cikin gida.

Da na ɗaga murfin sai da na yi atishawa har Inna ta gaji da cewa yarhamukallahu. Ƙurar baƙar ƙasar nan tamu da ƙaiƙayin dawa sun haɗu sun yi bargo a kan ƙarfen da ke kwashe zafi, fanka tana juyawa amma iska ba ta da hanyar wucewa. A gefe na hangi fiyus ɗin layin B sanye da rigar azurfa, wato takardar cikin kwalin sigari.

"Kawu, wa ya yi wannan?"

"Ƙarfafa shi na yi, ɗan nan. Yana ta ƙonewa, ragon fiyus ne."

"Da ka ƙarfafa shi sai me ya faru?"

"Ɗan hayaƙi ne ya fito. Kaɗan."

Fiyus dai an yi shi ne don ya mutu a madadin masu tsada. Kawu ya hana shi aikinsa, mutuwar ta wuce ciki ta zaɓi wanda take so. Taransistocin ƙarshe, waɗanda ke tura sauti zuwa sifika, irin nan ne da kowane mai gyara ya sani, 2SC5200 da abokin tafiyarsa 2SA1943, jere a jikin ƙarfe. Tun da a haɗe suke, mita ba za ta nuna maka mai laifi ba sai ka ciro su ɗaya bayan ɗaya. Mai lafiya, tsakanin ƙafarsa ta farko da ta uku, yakan ba da kusan bolt 0.6 ta fuska ɗaya, ta ɗayar kuma shiru. Wasu daga cikin na Kawu ta kowace fuska sifili suke bayarwa, sun zama waya zalla. Fararen rezistocin da ke gindinsu, masu om 0.22, biyu sun tsage. Ƙaramin taransistan da ke ingiza su shi ma ya bi ayari. Amfanin na'ura mai layi biyu shi ne tana tafe da shaidarta: duk abin da ka auna a B, ka auna ɗan'uwansa a A, ka ga wa ke ƙarya.

Aka kira la'asar, na bar komai a zare na tafi masallaci. Abin da ba a gaya mini ba shi ne, a bayana uban amarya ya leƙo, Kawu kuma ya jona na'urar ya kunna layin A don ya kwantar masa da hankali, sannan ya zare ya shafa wa fuskarsa toka. Manyan kafastocin ciki suna riƙe da wajen bolt 80 ta kowane ɓangare, kuma a irin wannan tsohuwar na'ura sukan daɗe ba su sake ta ba. Na dawo na kai sukundireba. Ƙarar da ta tashi ta kori kaji daga tsakar gida, bakin sukundireban ya narke, ni kuma na tsinci kaina zaune cikin kwanon wanke-wanke ina salati. Inna ta leƙo daga madafi ta ce, "Ban gaya muku baki ne ba?"

Sai neman kaya. A da, waya ɗaya za ka buga Khartoum a saka maka a motar safe. Da yaƙi ya ɓarke a Afrilun 2023 sai wannan hanya ta toshe, a lokacin kaya sai ta Port Sudan ko ta Galabat, kan iyakar Habasha, kuma abin da ya iso shi za ka karɓa. Na samu taransistoci a wani shago, sababbi fil, tambarinsu yana sheƙi, farashinsu da sauƙin da ya sa Kawu ya yi wa mai shagon addu'a.

Kafin in kunna na ce sai an samo mini ƙwan lantarki mai wat 100, irin na da mai zare a ciki. Ana jona shi a kan hanyar wutar da ke shiga na'ura. In lafiya, sai ya haska sau ɗaya yayin da kafastoci ke cika, ya dushe. In akwai gajeriyar hanya a ciki, sai ya tsaya da haske tar, ya shanye wutar da za ta yi ɓarna. Matsalar ita ce gari duk ya koma fararen ƙwayayen zamani, waɗanda ba sa wannan aiki. Na zaga shaguna ana yi mini kallon mai neman kuɗin wuri. A ƙarshe a teburin wani mai agashe na same shi, rataye bisa nama, ya yi jawur da mai da ƙuli. Ya ba ni aro bisa sharaɗin in dawo da shi kafin magariba, kuma in sayi na jaka biyu.

Ƙwan ya haska ya dushe, ɗakin ya ɗauki ƙanshin yaji, rilai ya yi ƙas. Kawu ya fara kirana da injiniya ba tare da murmushi ba. Aka cire ƙwan, aka jona sifika, aka saki kiɗa. Da ganga ta buga da ƙarfi sai layin B ya yi tari, jar fitila ta dawo mazauninta.

Wanda ya warware mini wannan wani usta ne, wato gwanin gyara, daga Omdurman, cikin dubban da yaƙi ya koro garinmu, yana gyaran rediyo a ƙarƙashin rumfar buhu da kawiyarsa guda, wato ƙarfen narka dalma. Ya karɓi taransistan ya auna nauyinsa a tafin hannu, ya ɗora a kan dutse ya fasa da guduma, ya fasa tsohon Kawu a gefensa. Ƙwayar da ke cikin sabon ba ta kai rabin ta tsohon ba.

"Ya zol," in ji shi, "wannan fenti ka saya."

Jabun yakan wuce gwajin mita, ya wuce na ƙwai, sai an ɗora masa kaya ya durƙushe. Usta ya ciro mini na gaske daga gawar wata amfilifaya da ya taho da ita a cikin kayan gudunsa, ya bar katifa ya ɗauko ta. Ya ce in canza jerin duka, kada in haɗa tsoho da sabo, in sa sabuwar takardar maika da farin man zafi a bayan kowanne, in kuma daidaita 'yar wutar zaman banza ta layin B da ta A ta hanyar auna milibolt a kan fararen rezistocin. Na yi haka. A bakin fita, inda da farko wuta ke neman gasa sifika, yanzu abin da ya rage bai kai milibolt 50 ba. Mai agashe ya sake cin cinikina.

Ranar biki na je da wuri don in ga yadda ake jona kayan, domin taransista ba ya mutuwa haka kawai. A bayan na'urar an rubuta ɓaro-ɓaro kada a sauka ƙasa da om 4 a kowane layi. Sifika mai om 8 in ka haɗa biyu kafaɗa da kafaɗa sun zama 4. In ka haɗa huɗu sun zama 2, wutar da ake ja ta ninka. Na bi igiyoyin layin B da ido: biyu a rumfar maza, ɗaya a ta mata, ɗaya a kan bishiya. Ga kuma Kawu a tsugune yana murɗa ta biyar, wadda ta haura katanga zuwa gidan kakar amarya, don tsohuwar ta ce ba ta ji sosai.

"Kawu, om 1.6 ke nan fa. Abin da ya kashe ta tun farko ke nan."

"Wancan karon tsofaffi ne a ciki. Yanzu ka sa mata sababbi." Ya miƙe yana karkaɗe jallabiyarsa, ya ƙwala wa yaronsa kira. "Kai, ruga wurin mai agashen nan, ka ce injiniya ya ce kada ya yi nisa."