Ranar da Na Kai Jaki Ajin Adabi

Jerin littattafan adabin Turanci da hukumar WAEC ta tsara wa ɗalibai daga 2021 zuwa 2025 ya zo da wani wasan kwaikwayo na Shakespeare, A Midsummer Night's Dream, wanda ya rubuta wajen 1595. Labarin masoya ne da aljanu a wani daji kusa da birnin Atina. Ni kuma aikina in fahimtar da 'yan SS2 wannan a wata sakandare a Tsafe, da kwafi ɗaya tak, shi ma bangonsa ya daɗe da barin duniya.

Ana haka sai shugaban makaranta ya kira ni ofis. Ya ce mai duba makarantu zai zo daga Gusau, kuma mutumin ba abin da ya tsana kamar malami ya shiga aji hannu rabbana. "Malam, a nemo kayan koyarwa. Abin da yaro zai gani da idonsa." Na ce, "Ranka ya daɗe, akwai kuɗin saye?" Ya dube ni kamar na nemi auren 'yarsa.

Darasin makon shi ne inda hatsabibin aljanin nan Puck ya ɗora wa Bottom masaƙi kan jaki, sannan Titaniya sarauniyar aljanu, wadda aka ɗiga wa ruwan wata fulawa a ido tana barci, ta farka ta kamu da son sa. Na kwana ina yanka kwalin Indomie ina manna kunnuwa. Da na nuna wa yara, rabin aji suka ce zomo ne, sauran suka tsaya a kan tunkiya. Sai monita ya ɗaga hannu: "Malam, mi za a wahala? Babanmu na da jaki."

A kwalejin horar da malamai an sha gaya mana cewa ainihin abu ya fi hotonsa. Na amince nan take.

Ranar da baƙon ya iso, jakin yana tsaye gaban allo, an ɗaure shi a ƙarfen taga, ya yi ladab fiye da duk wani ɗalibi da na taɓa koyarwa. Matsalar farko daga 'yan mata ta taso. Ba wadda ta yarda ta zama Titaniya, domin a garin nan duk wadda aka ji ta yi wa jaki kalaman soyayya, sunan zai bi ta har ɗakin mijinta. Na bayyana musu cewa a zamanin Shakespeare ma samari ne ke fitowa a matsayin mata a dandalin Ingila, wanda gaskiya ne, kuma na lura baƙon ya gyaɗa kai ya rubuta wani abu. Aka yafa wa wani dogon yaro gyale, aka ɓoye mai karanta maganar Bottom a bayan jakin.

Wallahi darasin ya yi daɗi. Yaran da ba su taɓa buɗe baki a ajin Turanci ba suka fara gardama. Wata ta ce ai wannan sammu ne aka yi wa sarauniya, kuma mijinta Oberon ne ya sa a yi, saboda haka shi ya kamata a kai ƙara gaban alƙali. Wani ya ce Bottom ya fi kowa hankali a littafin, tunda ya samu sarauniya amma abin da ya roƙa shi ne harawa. Na juya ina rubuta wannan a allo cike da alfahari, na ajiye littafin a kan tebur.

Ƙarar tauna ce ta juyo da ni. Fita ta uku ta wasan gaba ɗaya ta riga ta wuce, jakin yana cikin cin ta huɗu. Na kama gefe ɗaya ina ja, shi ma yana ja, Titaniya na dukan masoyinta da gyale. Abin da ya rage a hannuna jerin sunayen 'yan wasa ne da rabin gabatarwa.

Da a nan abin ya tsaya, da da sauƙi. Sai ga wata jaka ta biyo bayan katanga ɗauke da kara. Namu ya ɗaga kai ya saki kukan da ya fito da 'yan JSS1 daga ajinsu, ya fizge, ya fita da ƙarfen tagar yana jan sa a ƙasa. Aji ya watse a bayansa, har da sarauniya, gyale na tashi sama. A bakin titin Funtuwa zuwa Gusau aka cim masa, direbobin tirela na ta danna oda suna yi mana Allah ya isa.

Da yamma mai jaki ya zo da kansa. Na ce, "Baba, jakinka ya cinye mini littafi." Ya ce, "Awo, na ji. To in takardar Nasara ta ɓata mai ciki, wa za ya biya magani?" Ni na biya, har da ladan wuni.

Rahoton baƙon ya iso bayan mako biyu. Ya yaba da yadda ɗalibai suka shiga darasi, sannan a gurbin kayan koyarwa ya rubuta cewa sun wadatar, sai dai malami bai iya sarrafa su ba. Shugaba ya karanta, ya cire tabarau, ya tambaye ni wane littafi ne na gaba. Na ce na Wole Soyinka ne, The Lion and the Jewel, wato akwai zaki a sunan. Kafin in yi bayanin cewa zakin wani tsohon basarake ne mai suna Baroka, monita, da ya shigo karɓar alli, ya ce yana da kawu da ke aiki a gidan zu na Kano.

Shugaba ya ce in dawo masa da makullin ajina.